Garken Alhaji Dodo a Teku

"Wacce za a dafa maka, Alhaji?" in ji mai kawo abinci, yana nuna ƙaguwoyin da ke yawo cikin akwatin gilashi.

Alhaji Dodo dillalin tumaki ne daga Damagaram, karɓar mota ta kai shi Kwatano, birnin bakin teku. Ya naɗe hannun riga, ya ɗago babbar cikinsu, ya juya ta yadda yake juya tunkiya. Sai ga ƙwai fal a cikinta.

"Ba a yanka mai ciki. Kai ɗan ina ne?"

"Ɗan Guna, Alhaji, can kusa da Damagaram. Sunana Ɗahiru."

"To ka san kiwo. Na saye ta, ka riƙe min. Abin da ta haifa mu raba."

Ya ci burodi da shayi, ya koma gida. Nan da nan kasuwar dabbobi ta ji cewa Dodo yana da garke a teku. 'Yan'uwansa dillalai suka ce ƙarya ce, dillalin da aka kama da ƙarya kuwa ya gama ciniki.

Bayan damina suka ritsa shi. Ya buga waya, ya buɗe muryar wayar don kowa ya ji.

"Ɗahiru, nawa suka zama?"

"Sai haƙuri, Alhaji. Kura ta cinye ta."

Sai dattijon cikinsu ya gyaɗa kai.

"Ashe da gaske kana da garke, Dodo. Mu ma amsar da makiyayanmu ke ba mu ke nan. Allah ya mayar da alheri."