Abin da Gajimare Bai Riƙe Ba

Gobara ta cinye ɗakin kwamfuta ƙurmus, amma kafin azahar komai ya dawo.

Wani dattijon ma'aikaci ne ya tsara hakan. Shekara ashirin yana kula da tsohuwar manhajar kwamfuta ta wani kamfanin fatu a Ƙofar Atiku, kuma bara ya matsa wa manaja har aka fara kwafe bayanai kullum zuwa ma'ajiyar intanet da ake kira gajimare. Da hannunsa ya rubuta jerin abubuwan da za a ceto: sunayen dillalai, odar fata, takardun ma'aikata.

"Malam, ko tsinke ba mu rasa ba! Allah shi saka da alheri," in ji manaja. Ma'aikata suka watse, kowa na buga waya gida.

Ya zauna shi kaɗai gaban sabuwar kwamfuta, ƙaurin hayaƙi a rigarsa, ya shigar da sunansa.

Matarsa ce mai buga takardu a nan kafin ta rasu. Wata rana ta sa ya koya mata yadda ake canza gaisuwar da manhajar ke yi masa da safe, ta rubuta tata. Shekara tara bayan rasuwarta, tsohuwar kwamfutar ba ta fasa tambayarsa ba: "Ka yi kalaci?" Sau biyu ya ɗauki biro zai sa gaisuwar cikin jerin, kunya ta hana shi, don manaja zai karanta.

Allon ya haska: "Barka da zuwa."

Ya ce a hankali, "Ban yi ba."