Yatsan Sani a Wuyan Randa

Kakata Iya maginiyar tukwane ce a Likoro, kuma tana da alamarta. Kafin randa ta bushe, sai ta kama ɗan yatsana ta riƙa dangwala shi a ɗanyen yumɓu har ta zagaye wuyanta. Da wannan ado ake gane aikinta a kasuwar Kudan.

Wata la'asar, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ta gama wata babbar randa. Na wanke hannu na miƙa mata. Ta juya yatsan, ta dube shi, ta sake shi.

Ta ce, "Maigida, ka girma. Wannan ai rijiya zai haƙa mini. Kira mini Sani."

Sani ƙanena ne, ko magana bai gama iyawa ba. Ta ɗora shi a cinya, tana dangwalawa yana ƙyalƙyala dariya, tana kiransa sabon ango. Ni kuwa ina tsaye, ruwa na ɗiga daga hannuna.

Randunan da ke da yatsana duk an sayar. Ta Sani ce kaɗai Iya ta hana a kai kasuwa. Tana tsakar gidanmu har yau, ruwanta da sanyi, amma ni a tulu nake sha.