Tankar da Ta Ceci Baba Illa

"Ga irinta nan, Baba Illa, nuna mana!" in ji Habsatou mai sarin atamfa, tana dukan tsohuwar tankar yaƙin da aka girke a wani lambun Guangzhou.

Tun da gasar Olamfik ta kwantar da ciniki, tsohon sojan ya ishi 'yan kasuwar Canaan da labarin yadda tanka ta ceci ransa a sahara. Habsatou ta rantse ƙarya ce. Yau za a san maƙaryaci.

Illa ya zagaya tankar, ya shimfiɗa rawaninsa a ƙarƙashinta, ya kwanta a kai ya miƙe.

"Baba, me ke nan?"

"Aikinta ke nan, 'yata. Tamu ba ta taɓa tashi ba. Amma ba don inuwarta ba, da rana ta kashe mu."