Abin da Baba Ya Ceto

Mai gyara ya kara kunne a jikin tsohuwar kwamfutar, ya girgiza kai. Ya ce ma'ajiyarta na gargarar mutuwa, abu ɗaya za ta iya jure a kwashe zuwa sabuwar: ko hotuna, ko waƙoƙi.

"Waƙoƙi," in ji Baba, ko numfashi bai ja ba.

Babbar 'yarsa ta dafe ƙirji. Hotunan marigayiya Mama kaf suna ciki, tun na ƙuruciya har na asibiti, ba su kuma da kwafi ko'ina. Waƙoƙin kuwa na wani tsohon mawaƙi ne da duniya ta manta, mai murya kamar ana jan buhu a siminti. Daga kaset Baba ya sa aka naɗo su, kaset ɗin ma tuni suka ruɓe.

"Haba Baba! Fuskar uwarmu za ka bayar saboda wannan ƙarar?"

"Kwamfutata ce ko taki?"

Autan Baba ya sa baki, surukinsa ya sa baki, har mai gyara ya yi shisshigi. Baba ya ja kujera ya zauna a gaban teburin, ya dasa sandarsa tsakanin ƙafafu. Abin ya yi masa ciwo, yana kallon 'ya'yansa suna masa kallon marar imani, amma ko gezau. Wanda bai san dawan garin ba, ai dole ya yi surutu.

Aka fara kwashewa. Tsohuwar kwamfutar tana ƙugi tana tsayawa, zuciyar Baba na tsayawa tare da ita. Ya hana a taɓa jerin da ya tsara, ya hana a gyara sauti. Waƙar ƙarshe na shiga, allon ya ɗauke, ya tafi da hotunan.

'Yar ta fashe da kuka ta nufi ƙofa.

"Dawo nan," in ji Baba.

Ya kunna waƙar farko a sabuwar kwamfutar. Kamar yadda ya saba, ya rage sauti har mawaƙin ya gama baitinsa, sannan ya ƙure sautin. Wata siririyar murya ta karɓi amshi. 'Yar ta tsaya cak, hannunta a kan ƙofa, don da wannan muryar aka yi mata reno.

"Ta rantsar da ni kada in faɗa muddin tana raye," in ji Baba. "Uwarku ce 'yar amshinsa."