Ɗingishin Kanar Tidwell

A gundumarmu ta Karolina, ɗingishi ne ya kai Kanar Barnabas Tidwell Majalisar Tarayya har sau uku. Bai iya jawabi ba. Sai dai ya hau kan gangar giya a gaban kotu, ya dafa cinya, ya ce jininsa ya zuba a Mashigin Harlan lokacin yaƙin ƙwatar ƙasa daga Ingila. Mu kuwa, da saurin hawaye, sai tafi. Sai bayan yaƙin ne ya sauka a garinmu, rigarsa ta soja kuma ya ce asu ya cinye ta.

A zaɓe na huɗu, wani lauya, Lemuel Crabtree, ya fito neman kujerar. Ya rantse Kanar bai taɓa jin warin albarushi ba, alfadari ne ya harbe shi. Ya haura duwatsu ya ɗauko tsoho Zebulon, maharbin da kowa ya san ya yi yaƙin Mashigin. Zebulon ba ya ƙarya, ba ya kuma amsa abin da ba a tambaye shi ba.

Ranar zaɓe, da Kanar ya hango tsohon, sai gumi ya karyo masa. Kujerarsa ce a bakin mutumin nan. Lauya ya ɗaga murya ya tambayi Zebulon ko ya taɓa ganin Tidwell a fagen daga.

"Na gan shi, yaro," in ji Zebulon. "Ido da ido. Abokansa na gudu, shi yana tahowa. Ban taɓa ganin mai taurin rai irinsa ba."

Fili ya ɗauka da sowa. Lauya da kansa ya yi wa abokin hamayya tallar da ta fi kowace. Da baki ake zaɓen, mutane suka yi ta kiran sunan Tidwell a gaban alƙali har rana ta yi sanyi, aka ɗauki Kanar a kafaɗa.

Da taro ya watse, Kanar ya ɗingisa zuwa inda tsohon ke ɗaura wa dokinsa sirdi, ya yi masa godiya.

"Riƙe godiyarka, Kanar," in ji Zebulon. "Jar rigar sojan Sarkin Ingila da ka saka a Mashigin ta fi yi maka kyau. Da na san Majalisa za ka, da ba cinya na auna ba."