Tsohuwa da Baƙin Bargo

Ka ce yaranka sun yi ƙanƙanta a yi musu zancen haɗari, wai kada a firgita su. To gyara zama in ba ka misalin wata tsohuwa.

Ɗanta ne ya samu aiki a wata ƙasa mai sanyi, inda kurmi ya zo har gindin shingen gida, sai ya aika aka kai ta don ta riƙa lura da jikokinta uku. Tsohuwar nan bakinta ba ya hutawa, ko yaren mutum ba ta ji sai ta yi hira da shi. Da haka ta ƙulla ƙawance da wata tsohuwa maƙwabciyarsu, babbar jikar tana yi musu tafinta, har ta ji labarin wata dabbar wurin da ake kira beyar. Ita kura ta sani, sai ta yi ta tambaya kamar mai neman aure. Aka gaya mata akwai baƙa mai hawa bishiya, akwai mai ruwan ƙasa mai tozo a kafaɗa, akwai fara can inda ƙanƙara ba ta narkewa. Aka ce idan sanyi ya tsananta sai ta shige rami ta yi ta barci, idan ɗumi ya zo ta fito da yunwa, hancinta kuwa yana jiyo ƙanshin abinci tun daga nesa. Ba ta cika neman mutum da faɗa ba, amma wanda ya ruga a gabanta, ko ya shiga tsakaninta da ɗanta, ya jawo wa kansa. Tsohuwa ta dubi jikokinta, musamman autan da ba ya tafiya sai da gudu, ta ga dole ta koya musu abin yi. Amma ta san wa'azi ba ya zama a kunnen yaro, don haka ta mai da abin wasa. Kullum bayan la'asar sai ta lulluɓa da baƙin bargo, ta fito daga bayan ƙofa da rarrafe tana gurnani, gwiwoyinta na ƙara. Dokar wasan ita ce ba gudu, ba ihu: a haɗu wuri ɗaya, a riƙe hannu, a riƙa magana a hankali, a ja da baya har a shiga ɗaki. Wanda ya ruga, ta cafke shi ta yi masa cakulkuli sai ya yi hawaye. Autan, wanda take kira mijinta don tsokana, ya fi kowa shan kamu, tana cewa ita ba ta zama da miji matsoraci. Gidan ya riƙa cika da dariya, uban kuwa yana wucewa yana girgiza kai, yana cewa Inna ta samu abin yi.

Sai Babbar Sallah ta faɗo a lokacin ɗumi. Uban ya je gona aka yanka masa rago ƙosasshe, ya kawo gida, ya rataye shi a rumfar bayan gida don ya tsane kafin suya, yadda ya ga ana yi tun yana yaro. Uwarsa ta ce a shigar da shi ciki. Ya yi dariya ya ce naman layya ai sai ya sha iska. Da yamma tana wanke kayan ciki a madafa, ta ɗaga kai ta taga, sai ga baƙar beyar ta haura shinge, ɗanta na biye da ita, jikokin kuwa suna tsakar fili da kayan Sallarsu. Ta san idan ta ƙwala kira yaran za su watse, don haka ta toshe bakinta da hannu tana addu'a a zuci. Ɗan beyar ɗin ya nufo autan, abin sha'awa kamar ɗan kwikwiyo. Yaron ya ɗaga ƙafa zai zura, sai ya tsaya, ya miƙa wa yayarsa hannu. Su ukun suka haɗu, suna ja da baya, tsohuwa na jin muryar autan yana cewa a hankali, "Sannu, Hajiya Beyar. Barka da Sallah. Mu za mu shiga ciki." Suka shigo, ta rufe ƙofa, ta rungume su tana kuka tana dariya. Beyar ko kallonsu ba ta sake yi ba. Ta miƙe tsaye, ta sauke ragon, ta ja abinta zuwa kurmi.

Ranar nan da shinkafa da kayan ciki aka yi Sallah, kuma ba a taɓa cin abinci da farin ciki a gidan kamar ranar ba. Uban ya kasa haɗa ido da uwarsa, sai ƙirga 'ya'yansa yake yi da ido yana hamdala, ita kuwa tana tsokanarsa wai bana ya yi rabon nama har da maƙwabtan daji. Da a ce sai a ranar za a fara gaya wa yaran abin yi, da labarin ya sha bamban. Shi ya sa Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.