Kalma Goma da Suna Ɗaya

Hasana, aminiyata, matso kusa ki ji abin da ya faru da wata mata a wani asibiti a Dutsin-Ma. Kin san ta, amma bari mu ce da ita Yahanasu.

A wata guda, sau uku tana maimaita gishiri a miya. Shi ne autarta Hadiyya ta ce zaman kaɗaici a ƙauyen Ɗantutture ya ƙare, uwar ta tattara ta dawo wajenta cikin gari. Yahanasu ta ce ba inda za ta. A gidan nan ta yi haihuwa biyar. Ta ƙofarsa aka fita da ɗanta na fari, wanda ruwan dam ɗin Zobe ya ci yana saurayi.

Sai aka ji wata likita ta zo daga ƙasar Kongo. A can ta gwada ƙwaƙwalwar mutane masu lafiya, don a gane inda mantuwar kowa ta tsaya, ta ciwo ta fara, yanzu kuma tana gwadawa a nan. Uwa da 'ya suka yi alkawari: in Yahanasu ta ci gwajin, ta zauna gidanta. In ta faɗi, ta bi Hadiyya.

Malam Zaharaddin, ma'aikacin asibitin, shi ke yi wa likitar tafinta. Ya karanto kalma goma: tulu, akuya, allura, rijiya, har zuwa tabarma. Yahanasu ba ta shiga aji ba. A jikin buhun taki ta koya wa kanta karatu, harafi bayan harafi, don haka ta san yadda ake damƙe abu. Karon farko ta kawo shida, na biyu tara, na uku goma cif. Aka ɗauke mata hankali da zane da ƙirge, bayan rabin awa aka sake tambaya. Ko ɗaya bai zube ba.

"Hajiya, kin fi ni," in ji Malam Zaharaddin. "Ni lambar matata ma sai na leƙa waya."

Saura tambaya ɗaya: sunayen 'ya'yanta, daga babba.

"Sada, Fatu, Naziru, Hadiyya."

A nan ta tsaya. Likitar ta duba takarda, an rubuta biyar. Ta ɗaga yatsu biyar, ta jira. Yahanasu ta sunkuyar da kai, ta ja bakin mayafi. Fanka na juyawa. Likitar ta kai biro kan takarda.

Sai Malam Zaharaddin ya yi dariya. "Likita, dakata, wannan ba mantuwa ba ce. A wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Kunya ce."

"Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunan Yaya a bakin Inna ba," in ji Hadiyya.

Gaskiya ta faɗa. Wuri ɗaya kawai Yahanasu ke ambatonsa: cikin sujada, a hankali, inda daga ita sai Mahaliccinta.

Likitar ta nemi afuwa, ta ba ta maki cikakke. Hadiyya ta cika alkawari, da kanta ta sa ta a motar Ɗantutture, har da tsarabar lemo.

Hasana, ke kika riƙa mini ɗan farin nan nawa ranar suna. Tun azumin bana, in na kai goshi ƙasa zan roƙa masa rahama, fuskarsa ke zuwa, har da wushiryarsa, sunan kuwa ba ya zuwa. Na bi takardun gidan ɗaya bayan ɗaya, babu inda aka rubuta shi. Don Allah raɗa mini shi a kunne, kuma kada ki gaya wa kowa.